Gadar Indo Cenning

Da can a tsibirinmu jirgi ba ya isowa gaɓa. Can bayan duwatsun murjani yake jefa anga, mutane su naɗe zani su ratso ruwa da kaya a ka. Haka muka tashi muka tarar, ba kuma wanda abin ya dama sai Indo Cenning, mai sayar da kofi da soyayyiyar ayaba a bakin teku.

Mijinta, La Tenri, ɗan dako ne. Wata rana yana ɗauke da buhun shinkafa, ruwa iya ƙirji, santsi ya kwashe shi a kan dutse, ƙugunsa ya goce. Tun daga ranar sai da sanda yake tafiya.

Da ya ɗan murmure, sai ta kafa doka a rumfarta. Matuƙan jiragen da ke jigilar katako daga tsibirin Kalimantan su ci su sha iya cikinsu, ba ta karɓar ko rupiya. Amma duk wanda ya dawo, ya zo mata da gungumen ulin, itacen nan da ruwan gishiri ba ya ci, don ta gina gadar da jirgi zai riƙa tsayawa a jikinta.

Ambo Sakka, wani tsohon matuƙi mai bakin tsiya, ya yi dariya har ya ƙware.

"Haba Indo! Gwamnati ba ta yi mana gada ba, sai ke mai kasko?"

"Gwamnati ba ta ga ƙugun mijina ba. In ƙaro ayaba, ko surutu ya ƙosar da kai?"

"Ƙaro biyu. Gungumen kuwa sai dai ki soya shi."

Da ya dawo, uku ya kawo mata.

Masunta ba sa fita ranar Juma'a, don haka da an sauko daga masallaci sai ta tare maza da tukunyar miyar kifi. Wanda ya ci, ya shiga ruwa ya kafa turke. La Tenri na zaune a inuwar kwakwa yana feƙe bakin gungume. A hankali gadar ta riƙa miƙewa cikin teku.

Ta yi nisa sosai sai iskar yamma ta zo da ƙarfinta, ta tumɓuke rabi. Na ga Indo Cenning tsaye a kan yashi, hannu a ƙugu, tana kallon guntayen katako. Ranar ba ta hura wuta ba. Masu cewa "ai mun faɗa" suka samu abin yi.

Kashegari ta ɗora kasko. Ta ce wa mijinta, "Malam, kai ka san ruwan nan. Ina muka kuskure?"

"A tsaye muka kafa su kamar sojoji," in ji shi. "A karkata su, a gicciya wasu, su riƙe juna."

Haka aka sake. Lokacin da aka fara aikin 'yarta Besse tana goye. Ranar da aka buga katako na ƙarshe, Besse ce ke soya ayaba.

Jirgin Ambo Sakka ne ya fara ɗaurewa a jikin gadar. Gari ya fito kaf, ana jiran a ga wane babban mutum zai fara takawa. Sai ga saniyar da aka sayo don biki ta tsinke igiya ta yo gaba, tana ƙwas-ƙwas a kan katako. Aka fashe da dariya.

"Madalla," in ji Indo Cenning. "In ta ɗauki saniya, za ta ɗauki cikin Ambo Sakka."

Da yamma La Tenri ya dogara sandarsa har ƙarshen gadar, ya daɗe a can yana share ido.

Daga baya ma'aikata suka zo daga babban gari suka kafa allo, suka rubuta "dermaga", sunan irin wannan gada a harshen gwamnati. Tsofaffi suka ce su "labuang" suka sani a yarenmu. Wani saurayi da ya yi aiki a Bali ya ce a sa "marina" irin na Turawa don baƙi su zo. Matuƙa dai in suna magana ta rediyo, "wajen Cenning" kawai suke cewa, kowa kuma ya gane.

Yanzu ta tsufa, idonta ya yi rauni. Amma kullum da hantsi takan bi gadar da 'yar guduma tana ƙwanƙwasa katako ɗaya bayan ɗaya, tana saurare. In ta ji wanda ya fara ruɓewa, sai ta tsaya a kansa ta ƙwala wa jirgin da ya fi kusa kira: "Kai ɗan nan, yaushe za ka koma Kalimantan?"