Yadda Rahmatu Mai Masa Ta Ɗauki Innarta

Duk wanda ya saba bin bakin titin Gidan Igwai da safe ya san Rahmatu mai masa. Tandarta na gefen wani shagon ɗinki, kusa da inda masu keke ke jiran fasinja. Ni Murja maƙwabciyarta ce, katanga ce kawai tsakaninmu, kuma tun ina amarya nake cin masarta. A lokacin mace ce mai jiki sosai. In ta zauna gaban tanda ba ta tashi sai ƙullu ya ƙare, komai miƙo mata ake yi. Mutane na tsokanarta wai mijinta, Malam Abdulshakur, ya iya kiwo, ita kuma ta yi dariya. Ba ta taɓa ɗaukar ƙibar da wata damuwa ba.

Mahaifiyarta, Inna Hindu, a Dundaye take. Tsohuwa ce siririya mai zafin nama, wadda har tsufanta ita ke sussukar geronta. Wata damina ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Da aka sallamo ta daga asibiti, Rahmatu ta ce a gidanta za ta yi jinya, don ita kaɗai ce ɗiyarta mace.

Washegari ta haɗa ruwan ɗumi, ta durƙusa za ta ɗaga tsohuwar daga katifa. Ta yunƙura, gwiwa ta ƙi, numfashi ya sarƙe, su duka biyun suka zube. Dole ta kira Malam Abdulshakur ya ɗauki tsohuwar zuwa makewayi. Inna Hindu, wadda ko ruwa ba ta taɓa sha a gaban surukinta ba, ta ja mayafi da hannunta mai lafiya ta rufe fuska. Ranar ta ƙi cin abinci. Daga nan kullum sai Malam ya tsaya ya ɗauke ta kafin ya tafi kasuwa.

Da yamma Rahmatu ta shigo wurina idonta jajir. Ta ce, "Murja, ashe jikin ga nau ba ƙarfi ba ne. Kaya ne nike ɗauke da shi."

Da farko yunwa ta ɗora wa kanta. Ta daina karin kumallo, ta sayo wani shayi da ake tallarsa wai yana narkar da kitse. Ba a daɗe ba jiri ya kwashe ta gaban tanda, saura kaɗan hannunta ya faɗa cikin mai.

A asibitin da suke kai Inna gashin ƙashi akwai wata ma'aikaciya, Malama Sadiyatu, ita ke motsa wa tsohuwar hannu da ƙafa. Ta lura da yadda Rahmatu ta yi zuru-zuru, ta tambaye ta. Da ta ji labarin sai ta girgiza kai.

"Yunwa tsoka take fara ci, Maman Ihsan, kuma tsokar kike nema. Abinci za ki ci, amma ki gyara shi. Ki riƙa tafiya har ki yi zufa. Sannan ki riƙa ɗaga abu mai nauyi. In kika ɗauki ɗaya kika bar biyu, wahala kawai za ki sha."

Rahmatu ta ce, "Ni ina zan ga ƙarfen ɗagawa?"

"Ba ki da jarkar ruwa a gida?"

Sai da aka auna mata jini da suga, likita ya ce ba komai, kana ta fara. Bayan sallar asuba, kafin ta hura wuta, ita da Malam su zaga unguwa da sauri-sauri, ita cikin hijabinta da takalmin makarantar ɗiyarta Ihsan. Farkon fitarsu ko masallacin Juma'a ba su kai ba ta nemi dakali ta zauna. Da la'asar kuma ta ɗauko jarkoki biyu da ruwa rabi-rabi, ta ɗaga, ta sauke, ta zaga tsakar gida da su. Ta zauna kan turmi ta miƙe, ta sake zama ta miƙe, har cinyoyinta su yi rawa. In ta yi yau, gobe ta huta, kamar yadda aka ce mata. Inna Hindu na kishingiɗe a inuwa tana kallo, bakinta a karkace, amma da ƙyar take ɓoye dariya.

Abincin ne ya fi ba ta wuya. Mai suyar masa ce, kuma ta saba duk wadda ta ƙone ita ke cinyewa. Ta bar wannan. Furarta ta daina ganin sukari, lemon kwalba ya fita daga gidan. Malmalar tuwo biyu ta koma ɗaya, aka cike gurbin da wake, ƙwai, kwaɗon zogale da kifi in an samu. A wurin suna ko biki tana cin abin da aka ba ta, don ta ce ba za ta kunyata mai gida ba, sai dai ba ta neman ƙari.

An yi watanni kamar ba abin da ke sauyawa. In ta hau ma'aunin asibiti sai ta sauko ranta a ɓace. Malama Sadiyatu ta ce ta bar kallon ma'auni, ta duba zanenta. Gaskiya kuwa, zanen da da ƙyar yake haɗuwa yanzu har soke shi take yi. Ruwan jarkokin ya cika fal, daga baya ta zuba musu yashi.

Sai kuma surutu ya tashi a unguwa. Wasu suka ce ciwon suga ne, wasu suka ce kasuwar Malam ce ta karye. Wata dattijuwa ta ja ta gefe ta ba ta sunan mai magani. Rahmatu ta yi godiya, ta ƙara mata masa biyu.

Ina gidan ranar da abin ya faru. Ta durƙusa, bayanta a miƙe yadda aka koya mata, ta sa hannu ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyin Inna, ɗaya a bayanta, ta miƙe tsaye cak. Ta tafi da ita har makewayi ba ta tsaya ba. Na ji tsohuwar tana cewa a hankali, "Sannu, Rahmatu. Allah shi yi miki albarka. Ki ce ma Malam shi tafi kasuwa tai."

Inna Hindu ta rayu a hannunta har damina biyu, kuma ba wanda ya sake ɗaukarta zuwa wanka sai ɗiyarta. Bayan rasuwarta na zaci Rahmatu za ta ajiye jarkokin. Ba ta ajiye ba. Har yau ba siririya ba ce, ita ma ba ta nemi hakan ba, amma da kanta take sauke buhun shinkafar masa daga keke.

Yanzu da la'asar mata sukan taru a tsakar gidanta, akasari masu jinyar iyaye ko miji, wasu kuma gwiwa ce ta dame su. Kowacce da jarkarta. Ba ta karɓar komai, sai dai duk wadda ta zo sabuwa takan tura ta asibiti a fara auna ta. Ni ce na fi kowa ƙorafi, kuma ni take fara ƙwanƙwasa wa ƙofa da asuba in za a fita zaga unguwa.