Tabon Ƙaho a Bayana

Shekarun baya can da nisa, tun ƙasar nan ba ta samu mulkin kai ba, na ga wata budurwa a kasuwar Kalgo tana wanke ƙahoni a cikin ƙwarya. Ta tsuguna a bayan wata rumfa, tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana dubawa a hasken rana kamar mai zaɓen murjani. Ban san daɗewar da na yi a tsaye ba, sai da wani mai jaki ya ce in ba shi hanya.

Ni mutumin Gwandu ne. Mahaifina ya turo ni Kalgo in taya kawuna sayar da yadi, don a ganinsa ƙananan littattafan labarai da nake saya a kasuwa sun fara juya mini kai. Bai yi ƙarya ba. A cikinsu, da zarar saurayi ya ga gimbiya sai ya kwanta ciwo, kuma ciwon nan ne ke kai shi gare ta. Ni kuwa na ɗauka haka duniya take.

Ina da aboki da muka taso tare a Gwandu. Ya gama makarantar Midil, aka turo shi ƙaramin asibitin Kalgo yana wanke gyambo da raba magani. Mutum ne mai yawan tambaya. Shi ya gaya mini yarinyar ɗiyar wanzamin da ke da rumfar ce.

"Ka je ka gaishe da tsohon, ka faɗi abin da ya kawo ka," in ji shi.

Na ce, "Haka kawai? Ba haka ake yi ba."

"A ina ba a yi haka?"

Ranar kasuwa ta zagayo, na dafe ƙugu, na shiga rumfar ina ɗingishi, na ce ciwon baya ya hana ni sakat. Abokina ya biyo ni, wai ya zo ganin ƙarshen wauta.

Tsohon ya zaunar da ni a tabarma, ya kafa mini ƙaho ya zuƙe iskar, fata ta kumbura. Da ya ciro aska daga zabira zai tsaga, sai ya ce in ɗora hannuna a kafaɗa. Ya kama ni tsakanin babban yatsa da manuni, ya danna da ƙarfi har na ji abin ya ratsa ni zuwa gwiwar hannu. Kafin in dawo hayyacina ya gama tsagar. Ban ji askar ba sai kamar an ja mini karan dawa a fata.

Abokina ya matso. "Baba, me ya sa kake danna hannun, alhali baya kake tsagawa?"

"Haka na iske ubana na yi."

"To zafin askar ina ya tafi?"

Tsohon ya yi dariya. "Malamin asibiti, ni dai na san shina tahiya. Ban taɓa bin shi in ga masaukinai ba."

Ni ban damu da masaukin zafi ba. Idona na kan wadda ta shigo da ruwan wanki. Daga ranar na zama ɗan gida. Duk ranar da kasuwa ta ci ina kan tabarmar nan, abokina na gefe yana zuba tambayoyi, wani lokaci har ya miƙa nasa hannun a danna masa. Wata rana da ta sunkuya ɗaukar ƙwarya, ta ce da ni a hankali, "Sannu da jiki, ɗan Gwandu. Ciwon naka ya san ranar kasuwa." Na koma shago ina juya maganar, na auna wa wata mata yadi ba daidai ba.

Ana cikin haka kawuna ya zo da labarin da ya tsinka mini zuciya. Wani gidan wanzamai daga Malisa na shirin turo manya neman aurenta bayan an yi girbi, kuma wanzamai sun fi son ba junansu aure. Gero kuwa ya riga ya nuna a gona. Na zauna na tsara jawabi mai daɗi wanda zan yi wa tsohon, da wata da taurari da kogi a cikinsa, na haddace tsaf. Amma duk lokacin da na zauna gabansa sai bakina ya ce, "Bayan nan dai, Baba."

Ranar da abin ya ƙare, tsohon ya daɗe yana duban bayana kafin ya samu inda zai kafa ƙahon. Na ɗora hannu a kafaɗa kamar kullum. Bai kama ba. Sai kawai na ji aska ta sauka. Na yi wata ƙara wadda har mai sayar da kifi a rumfar gaba ya leƙo. A bayan zana kuma na ji an fashe da dariya, na kuwa san muryar.

Tsohon ya goge askarsa ba gaggawa. "Samari, wanda baya ke ma ciwon gaske, ko ban riƙe hannunai ba bai jin aska haka. Ciwo shi ka danne ciwo. Kai lahiya lau kake tun ranar da ka hwara zuwa. Mi kaka biɗa wurina?"

Na nemi wata da taurarin nan na rasa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ɗiyarka nake so, Baba."

Jini na gangara a bayana. Tsohon ya juya wajen zana ya ce, "Ke mai dariya, kin ji?" Dariyar ta tsaya, aka ji sawu na gudu.

"To, ta ji," in ji shi. "Na Malisa ba su iso ba tukuna. Ka turo manyanka. Don ni bayan ga naka ya ƙare mini, babu sauran wurin ƙaho."

Na juya in ga ko abokina na taya ni murna. Yana zaune ya danne hannunsa na hagu da na dama, yana maimaitawa a hankali, "Ciwo ke danne ciwo."

Baffannina suka taso daga Gwandu, aka yi magana, aka ɗaura aure bayan girbi. Har yau in na tuɓe riga jikoki na tambayar tabon nan da suka yi layi a bayana, kakarsu ta ce musu sadakinta ne. Abin da na koya bai da yawa: maganar da na sha aska ina ɓoyonta, ashe gajeriya ce. Sai dai ban yi nadama ba. Da na bi shawarar abokina ranar farko, da bai zauna a rumfar nan ba.

Shi bai daɗe a Kalgo ba. Ya koma karatu, daga Zariya har ƙasashen waje, ya ƙare rayuwar aikinsa yana binciken jijiyoyin da ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa. Daga baya har ya je ya ga yadda mutanen Sin ke tsira siraran allurai a jiki don rage ciwo. Ya ce ranar da ya ga likitansu ya nufi tsakanin babban yatsa da manuni, sai da ya nemi kujera ya zauna.

Bayan ya yi ritaya ya ziyarce mu a Gwandu, kansa fari fat. Surukina ya daɗe da rasuwa. Na tambaye shi ko ya gano masaukin zafin.

"Na gano hanyoyin da yake bi, da wasu ƙofofin da ake rufe masa," in ji shi. "Masaukin dai har yanzu Baba ya fi ni gaskiya."

Lokacin bayana ya fara ciwo na haƙiƙa, irin na tsufa. Na faɗa masa, ya buɗe jakarsa ya ciro allura siririya kamar gashi, ya ce in kawo hannu. Matata na tsaye da kwanon fura a bakin ƙofa.

Ta ce, "Likita, kada ka riƙe masa hannu tukuna. Fara soka masa a bayan, mu ji ko da gaske yake."