Gidan da Ya Raba Zenilda da Taɓo

Duk wanda ya taɓa cin ƙaguwa a rumfata ta bakin teku a garin Aracaju, daga hannun Zenilda ta fito. Tun ina budurwa nake saye a wurinta. Gajeriyar mace ce mai damatsa kamar na ɗan dako. In ruwan teku ya janye, kamar yadda yake yi kullum, sai ta shiga taɓo har gwiwa, ta zura hannu cikin rami har kafaɗa, ta zaro ƙaguwa tana mutsu-mutsu. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Da taɓon nan ta reni 'ya'yanta, har babban, Josivaldo, ya zama makaniki.

Bukkar katako gare ta, a kan dirkoki a bisa ruwa. In damina ta yi ƙarfi, ruwa har ƙarƙashin gado. Shi ya sa ranar da hukumar gidaje ta ce za a tashi unguwar a ba kowa gidan bulo, Zenilda kukan murna ta yi. Da aka ba ta nata, ta zo rumfata da makulli a rataye a wuya.

"Ivonete, har da famfo a cikin gida," ta ce. "Sai da na tsufa zan shiga banɗaki mai ƙofa."

"To, ƙaguwata fa, Yaya?"

"Ke dai cikinki kika sani. Taɓo zai gudu ne?"

Taɓo bai gudu ba, ita aka kai nesa. Sabuwar unguwar tana can bayan gonakin rake, inda ko iskar teku ba ta kaiwa. Da farko ta yi ƙoƙari. Amma bas lokacinsa daban, janyewar ruwa lokacinta daban. Kafin ta iso ruwa ya dawo. In ma ta dace ta kama, direbobi ba sa yarda ta hau da buhu yana ɗigar taɓo. Ƙaguwa ta riƙa zuwa mini jefi-jefi, daga baya ta ɗauke ɗif.

Da shirun ya yi yawa, na rufe rumfa na tafi dubo ta. Da tsakar rana na sauka. Masuntan da na sani, ƙarti majiya ƙarfi, suna zaune gindin bango suna buga karta. Wani ya kawo kwalekwalensa har ƙofar gida, kaji na ƙwai a ciki. Kowa ɗan tallafin ƙarshen wata yake jira.

Na ƙwanƙwasa, wata mata ta buɗe, fuska a kumbure, kai ba gyara. Har na buɗe baki zan tambayi Zenilda, sai matar ta ce, "Shigo mana, kin tsaya kamar kin ga fatalwa."

Ashe ita ce. Na kama hannunta. Laushi tuɓus, duk kantar ta baje.

"Yaya, ba ki da lafiya ne?"

"Lafiyata lau. Na share gidan nan, na sake sharewa. Sai kuma me?" Ta juya wajen taga. "Da kika taho, ruwa ya cika ne ko ya janye?"

Matar da ko daga barci aka tashe ta sai ta faɗa maka inda ruwa yake, yau ita ke tambayata.

"Ki ɗan kasa abinci a ƙofa mana," na ce.

"An hana. Kuma wa zai saya? Dukkanmu zaune muke."

Ba a jima da wannan ba, wata safiya ina hura wuta, na ji an dire buhu a bayana. Zenilda ce, taɓo har wuya, tana haki. Ashe ta kulle gidan, ta kafa 'yar rumfar leda ƙarƙashin gada, kusa da kufan tsohuwar unguwarsu. Ran Lahadi kawai take zuwa ta share gidan bulo ta dawo.

Labari ya kai ga hukuma. Aka aiko cewa gidan da ba a kwana cikinsa karɓe shi za a yi, kuma wanda aka taɓa ba, ba a sake ba shi. Josivaldo ya same ta a rumfata.

"Inna, mutane sun tsufa suna jiran gidan nan, ke kuma kin zaɓi ƙarƙashin gada? Ki koma, ni zan ciyar da ke."

"Ni ba akuya ba ce, ɗan nan, da za a ɗaure ni a riƙa zuba mini dusa."

"Yaya," na sa baki, "ki yi tunani. Kin fa manyanta."

"Na yi tunanin. A can ba abin da nake yi sai shi."

Na ɗauka barazana ce kawai, ba za su iya ba. Suka iya. Aka sauya makulli, aka ba wasu. Ranar da na ji, wuni na yi ban ɗora tukunya ba. Ita kuwa ko shiga taɓo ba ta fasa ba.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, ba ita kaɗai ba ce. Sannu a hankali maƙwabtanta suka biyo ta. Yanzu in ka leƙa ƙarƙashin gadar, rumfunan leda ne a jere, kuma da yawansu masu gidan bulo ne. Matan na kwana can don kada a ƙwace, mazan na nan bakin ruwa suna su.

Daminar bara ciwon ƙirji ya kwantar da Zenilda. Josivaldo, da ya daɗe ba ya yi mata magana, ya zo ya ɗauke ta cak zuwa ɗakin hayarsa, ya yi jinyarta. Tana miƙewa ta koma bakin ruwa.