Ranar Da Na Yi Wa Surukina Guɗa

Surukina, mahaifin mijina, mutum ne mai kunya. Tun da aka kawo ni Arlit daga Maradi ban taɓa ganin yana cin abinci ba, sai dai in aje kwano a bakin ƙofa in juya. Gadi yake yi wa wani ɗan kwangila, ba ma'aikacin kamfanin ma'adinai ba ne. Su masu takardar kamfani ko kai ne ya sara musu sai su nufi likita. Mu 'yan cirani kuwa sai mu jiƙa jar kanwa mu ce ruwan garin ne bai karɓe mu ba.

Haka Baba ya yi da cikinsa ya fara murɗa. Ya sha kanwa, ya ɗaure ciki da rawani, ya tafi aiki don kada a ba wani gurbinsa. Ranar da aka kawo shi gida a kura ba ya iya miƙewa, mijina yana can hanyar Assamakka da motar kaya. Ni kaɗai na kai shi asibitin gari, ina tafe ina masifa da kanwa da wanda ya fara haƙo ta. Likita ya ce apandisit ne, wata 'yar hanji ce ta kumbura har ta fashe. Aka yi masa aiki nan take.

Bayan ya farfaɗo, majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya kira ni gefe. Ya ce, "Ko ruwa kada ki ba shi sai ya yi tusa, ita ce shaidar hanji ya tashi. In ta ƙi zuwa, sai Agadez." Wayyo Allah! Wannan hanyar da ke karya mai lafiya, ina ga tsoho da ɗinki a ciki?

Na shimfiɗa tabarma gindin gadonsa na kasa kunne. Matan majami'armu suka zo da kunu, suka yi addu'a, kunun ya huce suka koma da shi. Majo ya leƙo, in girgiza kai, ya sake leƙowa, in sake girgizawa. Baba yana ta gumi, ya runtse ido, ya damƙe ƙarfen gado. Na tsorata ƙwarai, na ƙara matsawa kusa ina yi masa fifita, ina "Sannu, Baba." Har aka fara maganar neman mota.

A gadon kusa akwai wani tsohon makiyayi daga Dannet da raƙumi ya karya wa ƙafa. Hausarsa ba ta nuna ba, shi kowa "kai" ne a bakinsa, mace ko namiji. Ya daɗe yana kallonmu ta saman rawani, can ya ce mini, "Kai, fita waje. Mutum yana mutuwa da kunya, kai kana masa fifita!"

Ashe tusar Baba yake riƙewa saboda ni! Na suri zanena na fita, amma ban yi nisa ba, na laɓe ƙarƙashin taga. Ko minti ba a yi ba na ji ta, doguwa, har da 'yar ƙarama a baya. Makiyayi ya ce, "Alhamdu lillahi!" Ni ban san lokacin da guɗa ta kuɓuce mini ba. Masu jinya suka fito suna tambayar mace aka haifa ko namiji, majo ya zo yana dariya har da riƙe bango, ya ce a bar maganar mota.

Da na dawo hankalina sai kunya ta rufe ni, na kasa shiga. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji muryar Baba.

"'Yata, ai kin riga kin gaya wa duniya. Shigo."

Da majo ya ba da izinin kunu, ni na riƙe masa ludayi. Ya sha a gabana, ido cikin ido, har ya ce sukari ne babu ko bakinsa ne.