Kuɗin Rumawa a Maƙerar Jugu

Duk daɗewar da na yi a aikin gwamnati, ranar da aka aike ni Jugu da kuɗin Rumawa ba ta taɓa fita raina ba. Shekaru kaɗan ne bayan samun 'yancin kai, ƙasar tana amsa sunan Dahomey. Ni kuwa planto ne a wani biro, ofishin gwamnati a Paraku, wato ɗan aike mai zama bakin ƙofar shef, shugaban ofis. Zaman ya yi mini daidai, domin ina samun sukunin karanta 'yan littattafan soyayya na kasuwa, ina tuna Rakiya, 'yar Baba Idi maƙerin azurfa na Jugu, wadda ko kallona ba ta yi.

Akwai wani likita Bature a Paraku, ba mata, ba 'ya'ya, sai tsofaffin kuɗi. Yana tara na ƙarshen zamanin sarakunan Rum, sirara, baƙaƙe, kowanne a lotse kamar ɗan ƙoƙo. Ya taɓa yi mini dogon bayani a kansu, ban ji ko rabi ba. Na ga mutum biyu tsaye a jikin ɗaya, sun riƙe sanda tare, nan take na yanke cewa sarki ne da masoyiyarsa, na lula tunani.

Da aka ce wani babba zai zo daga Kwatano, sai shef ya aro kuɗin don a baje wa baƙo. Likita ya ba da akwatin kamar mai ba da jinjiri, ya tafi ƙauyuka yin allura.

Shef ya buɗe, ya yi salati.

"Ƙasa mai 'yanci ta nuna wa babban mutum kuɗi a lanƙwashe da dauɗa? Sai a ce Turawa na juya baya muka lalace! Kai, tafi da su Jugu wurin maƙeri. A miƙe su, a wanke."

Na ce, "Shef, ko a jira likita?"

"Kai planto ne ko mai ba ni shawara?"

Ban ƙara ba. Jugu fa aka ce. Na hau motar doya zuciyata tana gaba da direba.

Baba Idi ya jujjuya ɗaya, ya ce, "Wane marar imani ya taka su haka?" Ya ɗora su a uwar maƙera, ya lallasa su sumul, ya goge da lemon tsami da toka har suna ɗaukar ido. Ni ina gefe, na tare Rakiya da ta kawo ruwa, ina nuna mata sarki da masoyiyarsa, yadda ƙauna ta hana su rabuwa shekaru ɗaruruwa.

Ta ƙura ido, ta ce, "Malam, masoyiyar ma gemu gare ta?"

Ranar ta fara yi mini dariya, na ɗauke ta a matsayin nasara.

Da zan tafi, Baba Idi ya ce, "Na huda su kyauta, don kai ne. Kuɗin da ba a kashewa, in ba a rataya ba me za a yi da shi?"

Baƙo ya zo, ya yaba ƙyalli, ya ce ga biro mai kula da tarihi. Ba a daɗe ba aka ƙara wa shef girma. Likita kuwa da ya dawo ya buɗe akwati, sai ya zauna a ƙasa dirshan. Can ya ce, cikin sanyin murya, a lotse aka buga su tun asali, baƙin nan kuma shi ne shekarunsu. Yaƙi bai taɓa su ba, ruwan teku bai taɓa su ba, sai mu. Ya ɗauki mai mutum biyun ya jefa mini, ya ce ba ya son sake ganinsa.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku riƙe wannan: in baƙo yana tafe, babba ba ya tambayar dalilin da ya sa abu ya lanƙwashe, guduma yake nema. Kuɗin yana wuyan Rakiya har yau. Jikokinmu sun san shi da suna Amarya Mai Gemu.