Gwaggo Furera Mai Alewar Sanyi

Da an sallame asuba a Tamaske, kafin masu garka su fita ban ruwan albasa, Gwaggo Furera ta riga ta duƙa a bakin rijiyarta tana tsinkar na'a-na'a. Ba ta yarda rana ta taɓa ganyen, wai sanyinsa take sacewa. Cikin ɗaki take shanya shi bisa faifai, sannan ta aza tukunyar sukari ta yi ta juyawa har hantsi. Shekara talatin tana alewa. Bana, 1968, idanunta sun yi rauni, ta ce za ta aje muciya, shi ya sa ya kamata a jinjina mata tun tana ji da kunnenta.

Mai shaidar aikinta mafi ƙarfi kuwa ba masoyiya ba ce. Kadijatu ce, maƙwabciyarta, zana ɗaya ta raba gidajensu, ita ma alewa take yi. Da can farantinsu gefe da gefe yake a kasuwa, ba wadda ta fi wata.

A 1962 Aƙilu mai butiki, ɗan kantin garin, ya kawo bambon, alewar Turawa ta minti, daga Madawa. Duk wanda ya tsotsa sai ya ce kamar ya sha ruwan randa. Alewar matan biyu ta koma abincin ƙuda. Kadijatu ta yi ta tsinuwa. Furera kuwa ta karɓi guda, ta rufe ido ta tsotse shi a hankali, ta ce, "Wanga abu ba aljani ya yi shi ba, mutum ne."

Wata huɗu tana gwaji. Tukunyar farko ta yi ɗaci, ta biyu ta yi baƙi, wata ta yi ƙamshi amma ba sanyi. Da ta dace, ta dace ƙwarai: alewar tana narkewa, sanyi na sauka har maƙogwaro, zaƙin bai gundura. Daga baya ta haɗa man kaɗe da kafur da ganyen nan, ta yi man shafawa na ƙurajen zafi, matan makiyaya na Tabotaki suna aiko a kai musu.

Abin ya tsaya wa Kadijatu a rai. Tana zaune za ta ga mutum ya gaishe ta da fara'a, ya tsallake farantinta ya tsaya gaban na Furera. Ta leƙa ta ramin zana, ta ga ganye da kanumfari, ta zuba su cikin tukunya tana tafasa, alewa ta fito kamar maɗaci. Sai ta shiga raɗa a kasuwa: "Ku dai yi hattara, ba banza baki ke sanyi ba. Akwai abin da ta ka sawa." Da raɗar ba ta ci ba, wata safiya ta kwance akuyarta ta kora ta bakin rijiyar, ta cinye na'a-na'ar tas. Furera ta ga sawu, ta san inda ya nufa. Abin da ta ce kawai, ta kan zana, shi ne, "Kadi, akuyarki yau ta fi kowa ƙamshin baki a garin ga." Ta aika garin Galma aka kawo mata wani dashe.

A bazarar 1965 zazzaɓi ya kwantar da Halidu, mijin Kadijatu, bakinsa duk gyambo. Likitan garin Keita ya ba da kinin, amma da ya taɓa harshensa sai amai. Kwana uku ba ƙwaya ɗaya da ta zauna. Furera ta shigo ba wanda ya kira ta, ta sa masa ɓallin alewa a baki, ta jira sanyin ya kama, sannan ta miƙa ƙwayar. Ta wuce. Haka ta riƙa zuwa safe da yamma har ya miƙe.

Kadijatu ta yi godiya, har da hawaye. Amma ita da bakinta ta faɗa mini cewa da Halidu ya warke ya ce, "A samo mini irin ta Furera," ji ta yi kamar an ɗora mata garwashi a ƙirji.

Watan jiya Furera ta kira ta, ta miƙa mata muciya. Da sukari ya yi kauri Kadijatu ta kai hannu ga garin ganye. Furera ta riƙe ta.

"Sauke tukunya tukuna. Bari ta huce."

"Har yaushe?"

"Sai kin iya kusanta tafinki ba ki janye ba. Wuta ce ke kashe sanyin. Ki ƙara gishiri ɗan ƙanƙane, shi ke riƙe zaƙi."

"Shi ke nan? Shekara shida, shi ke nan?"

"Da kin tambaya, da tun ran farko na gaya miki."

Gwaggo Furera, ke ce inuwar bazara. Ke ce kika ga kayan butiki ba ki karaya ba, kika zauna da ganyen rijiyarki har ya yi abin da ake so. An ɓata miki suna, an ɓata miki shuka, kika rama da jinyar maigidan wadda ta yi, sannan kika danƙa mata sana'arki. Mun gode, Allah Ya sanyaya miki duniya da lahira. Masu sana'a, wanda ya iya abu ya koyar tun yana da rai, wanda bai iya ba ya buɗe baki ya tambaya.

Kadijatu ce ke alewar sanyi yanzu a Tamaske, ana kuwa saye. Na ce mata ta kamo ƙafar Gwaggo. Ta harare ni, ta ce, "Kar ka yi mini daɗin baki. Tata ta fi, kuma har gobe ina jin haushi."