Kunyar 'Yar Fari

Mu huɗu ne ranar a bakin kanal ɗin noman rani, wajen Bunkure: ni, da marigayiya Gwaggo, da Larai matar ƙanena, da 'yarta Hadiza, muna yanka tumatir na kauda. Jiya warin shanyar maƙwabta ya dawo mini da ranar.

Larai ba ta taɓa dukan Hadiza ba. Sunanta ne ba ta kira, wai kunyar 'yar fari. Amma ina lura: in yarinyar ta kawo mata ruwa, sai Larai ta yi murmushi ta zubar.

Ranar Hadiza ta yanke yatsa, ta cusa hannun cikin zane tana satar kallon uwarta. Larai ta ce, "Waccan kullum sai ta ɓata wa mutane aiki."

Gwaggo ta ajiye wuƙa. "Larai, ni ma ban taɓa kiran sunan ɗan farina ba, amma bai taɓa ɓoye mini jininsa ba. Wannan ba kunya ba ce." Ta yagi bakin mayafinta ta ɗaure yatsan. "Hadizatu, yi kukanki."

Allah ya sanyaya makwancin Gwaggo.

Washegari na shiga gidan ƙanena, na naɗe tabarmar Hadiza na kai ɗakina. Ban nemi izinin kowa ba.